Jan biron madam, da abin da na tsinta a jami'o'in mishan na Asiya

Sai da na yi wata takwas a Indiya kafin sufabaizata ta yarda ta karanta babi na biyu na kundina, kuma ranar da ta dawo min da shi wallahi ji na yi kamar in tattara komatsaina in kama hanyar gida. Shafi arba'in da wani abu, da ƙyar ka samu wanda jan biro bai bi ta kansa ba. Ni malamin sashen ilimi ne, tarihin ilimi na je yin digiri na uku a kai, batun kuma shi ne jami'o'in da Kiristoci suka kafa ko suke ɗaukar nauyi a Asiya da yadda suke yaye shugabanni. In faɗi gaskiya ba son batun ne ya kai ni ba, ita ce ta ce takardun suna kusa ba sai na yi ta yawon neman kuɗin jirgi ba, ni kuma lokacin kuɗin sikolashif ɗina sai ya ga dama yake zuwa, to ka ga ba ni da bakin musu.

Da amsata a aljihu na shiga aikin. Ni Musulmi ne, a gidan da na tashi in aka ambaci makarantar mishan kakata tsaki take ja, saboda haka babin nan nawa tun daga farko har ƙarshe magana ɗaya yake nanatawa, wai duk makarantun nan ƙugiya ce aka sa wa tsutsa. Madam ita kanta Kirista ce, na zaci ma haushi za ta ji, sai na ga ko a jikinta. Abin da kawai ta yi ta rubutawa a gefen shafi shi ne, a ina ka ga wannan, a ina ka ga wannan, na ƙirga ya fi sau ashirin. Da na je ofishinta na fara kame-kame sai ta ce min ita fa ba ta ce ƙarya nake ba, cewa ta yi ban je na duba ba, in tashi in tafi Tambaram in kwana biyu a laburare sannan mu yi magana.

Tambaram tana gefen Chennai ta kudu, jirgin ƙasa mai lantarki ake hawa daga tashar Egmore, wajen awa guda a tsaye an matse ka kamar kifin gwangwani, ga zafi ga mata masu tallan furen da suke ɗaurawa a gashi, ƙamshinsa da warin gumi sun haɗu har ka rasa wanne kake shaƙa. Kana fita tasha ka tsallaka titi sai ga ƙofar Madras Christian College. Mishan 'yan Sikotland ne suka fara ta a matsayin makaranta a 1837, a 1937 aka maido ta nan, kuma abin da ya fara ba ni mamaki ba gini ba ne, daji ne, itatuwa ko ta ina har da barewa masu ɗigo-ɗigo suna kiwo a gefen hanya ba ruwansu da kowa. Ni da na saba ganin jami'a fili fetal da darbejiya uku sai na tsaya sake da baki.

A can na ci karo da labarin Radhakrishnan, wanda ya zama shugaban ƙasar Indiya daga 1962 zuwa 1967. Ɗalibin kwalejin ne, Hindu ne, kuma malamansa Turawan mishan suna sukar addininsa a aji, suna cewa falsafar Hindu ta Vedanta ba ta da wani abin kirki game da kyawun hali. Shi kuma maimakon ya bar addininsa sai abin ya zame masa ƙaimi, ya koma ya karanta littattafan Hindu da kyau, ya rubuta kundin digirinsa na biyu yana mayar musu da martani, da irin hujja da tsarin da su ɗin suka koya masa, kuma suka ba shi digirin. Na daɗe zaune ina juya wannan abu. Niyyar jawo mutane cikin Kiristanci tana nan, ba su ma ɓoye ta ba, a wasiƙunsu da rahotanninsu suna faɗa ƙarara, kakata ba ta yi ƙarya ba. Amma abin da suka yi niyya daban, abin da makarantar ta haifar daban, ni kuma babina gaba ɗaya a kan niyya ya tsaya bai ko leƙa sakamako ba. Wanda ka koya wa yadda ake tambaya ai ba ka da iko da tambayar da zai yi gobe.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙasar Sin, don nan ne labarin ya fi nama. Kafin 1949 akwai manyan makarantu 13 na 'yan Furotesta a can, irin su Yenching a Beijing, St. John's a Shanghai, Lingnan a Guangzhou, Ginling ta mata zalla a Nanjing, da West China Union a Chengdu. A 1922 aka buɗe wani ofishi a New York don ya riƙa haɗa musu kuɗi da lissafi wuri ɗaya, wannan ofishin ne ya rikiɗa ya zama ƙungiyar da yanzu ake kira United Board for Christian Higher Education in Asia. Da farko kusan duk shugabannin makarantun Turawa ne, kuma kada wani ya ce maka don kirki kawai suka sauka daga kujera. Matsa musu aka yi. A 1925 bayan 'yan sandan Turawa sun harbe masu zanga-zanga a Shanghai, rigima ta tashi a St. John's kan ɗaga tutar ƙasa, shugaban makarantar ya hana, ɗalibai sama da 500 da wasu malamai suka fice suka je suka kafa tasu jami'ar mai suna Kwang Hua. A 'yan shekarun nan kuma gwamnati ta sa doka cewa duk makarantar da ke son rajista dole shugabanta ya zama ɗan ƙasa, darasin addini kuma ya zama sai wanda ya so.

To a nan ne aka ga bambancin wanda ya yi tanadi da wanda bai yi ba. Ginling ta buɗe a 1915, a 1919 ta yaye ɗalibanta na farko su biyar kacal, cikinsu akwai Wu Yifang. Ta tafi Michigan a Amurka ta yi digiri na uku a ilimin halittu, tana gamawa a 1928 aka kira ta ta zo ta karɓi shugabancin makarantar da ta yaye ta, tana da shekara 35, kuma ta riƙe kujerar sama da shekara ashirin, har da lokacin yaƙin Japan da ta kwashe makarantar zuwa Chengdu inda jami'o'i biyar suka cushe a harabar guda suna raba aji da ɗakin gwaji. Harabar Nanjing da aka bari a baya kuma wata malama Ba'amurkiya, Minnie Vautrin, ta mayar da ita mafaka, mata da yara wajen 10,000 suka fake a ciki lokacin kisan gillar 1937. Ita Wu ɗin a 1945 tana cikin mata huɗu kacal da suka sa hannu a kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga aji mai mutum biyar fa. Mu da muke ganin in aji bai kai ɗari uku ba kamar ba a fara jami'a ba.

Sai 1952 ta zo, gwamnatin kwaminis ta rushe tsarin gaba ɗaya, aka yayyanka makarantun aka raba sassansu ga jami'o'in gwamnati. Harabar Yenching da shugabanta John Leighton Stuart ya sha wahalar tara wa kuɗi a Amurka, da tafkinta da dogon hasumiyarta, ita ce Jami'ar Peking take zaune a ciki yau. Gini ya tafi, fili ya tafi, suna ma ya tafi. Da na karanta wannan sai na tuna yadda gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a wajenmu a shekarun 1970, da kuma Forman Christian College ta Lahore a Pakistan, wadda aka kafa a 1864, gwamnatin Bhutto ta karɓe a 1972, sai a 2003 aka maido wa cocin zamanin shugaban ƙasa Musharraf wanda shi kansa tsohon ɗalibinta ne. Mafi yawan ɗaliban Forman Musulmi ne, wannan ma wani abu ne da babina na farko ba shi da inda zai ajiye shi.

Su kuma mutanen New York da aka bari da asusu ba makaranta sai suka juya akala. Suka taimaka aka kafa Tunghai a Taichung ta Taiwan a 1955, mai cocin nan mai kama da hannuwa biyu da aka haɗa wanda mai zanen gine-gine I. M. Pei yana cikin waɗanda suka zana, suka tallafa wa Chung Chi a Hong Kong wadda aka fara a 1951 kuma ta shiga cikin Jami'ar Sinawa ta Hong Kong a 1963, suka miƙa hannu ga Silliman a Filifin da Yonsei a Koriya da Satya Wacana a Indunusiya. A hankali kuma kuɗin ya riƙa barin bulo yana komawa kan mutane, tura ƙananan malamai ƙaro karatu, da shirin da suke ɗaukar malami mai tasowa su kai shi wata jami'a a wata ƙasa ya zauna ya ga yadda ake tafiyar da ita. Kalmar da suke yawan maimaitawa ita ce ilimin da zai gina mutum gaba ɗayansa, kwanya da hali da ruhi, mu dai tarbiyya za mu ce mu huta.

Ban gane nauyin wannan shirin ba sai da madam ta ba ni nata labarin, don ita ma ta taɓa irin wannan zaman. Ta ce wata huɗu ta yi tana bin wata shugabar jami'a kamar jela, mitin ɗin kasafin kuɗi tana ciki, zaman ladabtar da ɗalibi tana ciki, har ranar da aka zo sanar da wani tsohon malami cewa ba za a sabunta masa kwantiragi ba tana zaune a kusurwa da littafinta, ba ta cewa uffan, da yamma kuma matar ta zaunar da ita ta tambaye ta, da ke ce da yaya za ki yi. Ta ce babu littafin da ya koya mata abin da wannan tambayar ta koya mata. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa take jan mu ɗalibanta zuwa mitin ɗin da ba namu ba, ta ce mu rubuta abin da aka tattauna, mu kuma muna ta gunaguni a bayan ido wai ta mayar da mu masinja.

Ba wai komai nasu zuma ba ne. Da yawa daga makarantun nan yau kuɗinsu ya fi ƙarfin talakan da aka ce don shi aka kafa su, sun zama na 'ya'yan masu hali, kuma mai ba da kuɗi daga waje ko ya yi shiru ana jin nauyin hannunsa a kan abin da za a koyar. Na rubuta wannan a babi na biyar, wannan karon da hujja, madam ba ta taɓa ko layi ɗaya ba.

Na dawo gida ban yi shekara ba aka ce ni ne jami'in jarrabawa na sashenmu. Yadda aka miƙa min aikin kuwa, wanda na gada ya tare ni a baranda yana sauri zai je ɗauko yara daga makaranta, ya danƙa min makullin kabad da wani filashi ya ce Dokta Allah ya ba da sa'a, komai yana ciki. Babu abin da ke ciki sai fayil ɗin shekara uku da suka wuce. A semistar farko na tafka kuskure wajen haɗa makin wasu ɗalibai 'yan aji huɗu, na bar wani kwas da suka maimaita ban sa musu ba, saura ƙiris su rasa tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu, wani yaro ya zo ofis yana rawar murya yana ce min malam don Allah a duba, babana ya riga ya gaya wa kowa a gari. Kwana uku ban yi barcin kirki ba kafin a gyara. Ban ga laifin wanda ya ba ni makullin ba, shi ma haka aka ba shi.

Yanzu shekara ta biyu ke nan akwai wata ƙaramar malama da muka ɗauka, duk ranar haɗa sakamako sai na sa ta jawo kujera kusa da ni, ita ke riƙe da kwamfuta ni ina karanto maki, in mun ci karo da matsala in yi shiru in ga me za ta ce. Makon jiya na ce ta biyo ni mitin ɗin tsangaya, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa ranka ya daɗe ai ba a gayyace ni ba, na ce shigo ki zauna a baya ki rubuta duk abin da kika ji. Wani farfesa ya ɗago gilashi ya dube ta ya dube ni ya ce Dokta sakatariya ka yi ne, na ce a'a Farfesa, Allah ya ƙara girma, mai karɓar makulli ce. Da muka fito ta nuna min shafi huɗu da ta cika, ta ce amma malam akwai abin da ban gane ba, me ya sa aka yi awa biyu ana faɗa a kan kuɗin shayi aka wuce maganar ɗakin gwaji a minti biyar. Na ce mu je ofis, ke da ke ce shugaba da yaya za ki yi.