Marurun da ya ƙi jin amoksisilin

Ɗana mai shekara 11 ya sha fama da maruru a zafin bara nan Garwa. Ya fito masa a cinya, ya fashe, ya warke, can kuma wani ya ɓullo a hammata. Amoksisilin da aka rubuta masa ya shanye tas, ko gezau. Da ƙanwarsa ta tashi da irinsa, surukata ta ce, "'Yar nan, a kira wanzami ya yi musu sakiya." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri mu ga likita tukuna."

Likitan ya tsaga marurun da wuƙar tiyata, ya fitar da mugunyar duka. Ya ce in maruru ya nuna, wannan tsagar ita ce babban magani, domin ƙwayar magani ba ta ratsa mugunyar da ta taru wuri guda. Sannan ya ɗebi kaɗan ya tura mu reshen Centre Pasteur na Garwa. A can ake renon ƙwayar cutar kwana biyu zuwa uku, a gwada ta da magunguna iri-iri a ga wanda ke kashe ta.

Takardar ta fito da SARM, wadda masu Turanci ke kira MRSA. Wani iri ne na ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda kusan mutum ɗaya cikin uku ke ɗauke da ita a hanci ko a fata, lafiyarsa ƙalau. Sai ta sami ƙofa, ƙwarzane ko yankan reza ko ƙurajen zafi da aka sosa, ta shige. Irin tamu kuwa ta daina jin metisilin da danginsa, su amoksisilin da kuloksasilin. A Ingila aka fara ganin ta a 1961. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake sayar da kafso a faranti a kasuwa, a sha biyu a ajiye. Haka ake kashe raunanan ƙwayoyi a bar wa masu taurin kai fili. A takardarmu ko Bactrim bai kama ta ba, kilindamaisin ne ya kama, shi yaran suka sha har ƙarshen kwanakin da aka yanka musu.

Aikin da ya fi cin ƙarfina na gida ne. Na raba wa kowa sosonsa da tawul ɗinsa, domin da ɗaya duk yaran ke wanka. Ciwon kullum a rufe da bandeji, wanda na cire in ƙulle a leda, in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa da bayan na taɓa. Zannuwan gado da kayansu na wanke da ruwan zafi, na shanya a rana. Na yanke musu farce. Likita ya ba mu man mupirosin na shafa wa a cikin hanci, mu duka har da mahaifinsu, tunda mai ɗauke da ita bai san yana ɗauke da ita ba. Yanzu yaron da sabuwar rezarsa yake zuwa wurin mai aski.

Likitan ya kuma ja mini kunne kada a matse marurun fuska, musamman kusa da hanci. In zazzaɓi ya shigo, ko kumburi na bazuwa, ko yaro ya kasa taka ƙafa saboda ciwon ƙashi, a kai shi asibiti a ranar. Ƙwayar na iya shiga jini ko ƙashi, lokacin sai an kwantar da shi ana sa masa bankomaisin ta jijiya.