Laraba: yini guda a kan kwaya uku

Yau tun karfe takwas ina lab, wato dakin gwaje-gwaje, sai yanzu wajen tara na dare na samu na zauna, kuma in ka tambaye ni me na yi duk yinin nan, kwaya uku na hada, wato 'yan faya-fayan gari da ake dannewa da kala a ciki don a auna kalar a inji. Uku kacal, kowacce fadinta milimita 13.

Kalar da aka ba ni ita ce jan nan da Turawa ke kira bamiliyon, wanda masu zane na zamanin da suke ji da shi, hadin makuri (zaiba) ne da farar wuta. Matsalarsa in ka sa shi a injin infirared na yau da kullum, wanda ke haska samfur da hasken da ido ba ya gani don a ga inda yake shanye hasken, mai auna daga 4000 zuwa 400 cm⁻¹ (ma'aunin saurin girgiza), kusan ba abin da zai nuna maka, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Dalili kuwa makuri yana da nauyi, to girgizar da yake yi da farar wutar a hankali take, sai ka gangara kasa da 400 kafin ka ganta. Shi ya sa muke bin infirared mai nisa, wanda ke auna kasa da 400 din. Kuma can kasan gishirin KBr da muka saba danne samfur a ciki ba ya aiki, shi kansa shanye hasken yake, dole sai garin foliyetilin, wato dai dangin robar da ake ledar kasuwa.

Wallahi garin nan ya ban wahala. Ka san yadda rigar sanyi ke tartsatsi in ka cire ta lokacin hunturu? To haka yake, ka debo shi da dan cokali ya bi ya manne a cokalin, ya manne a safar hannu, rabi ya tashi ya koma jikin gilashin sikeli, ni kuma abin da nake so in auna na kalar bai wuce miligiram daya zuwa biyu ba. Sau hudu ina sake awo.

Daga nan sai daka, a dan turmin dutse da bai fi kofin shayi ba. Na tuna Inna da take cewa ban iya rike tabarya ba, ga shi yau da digirina ina daka a kasar mutane, da takunkumi a hanci don kar in shaki makuri. In garin bai yi laushi ba hasken watsewa yake maimakon ya ratsa, layin da injin ke zanawa a allo ya karkace. Kwayar farko haka ta yi min, da na daga ta a fitila ina ganin digo-digon ja kamar an barbada yaji. Ta biyu ta yi kyau har ta yi yawa, sumul bangare biyu, sai hasken ya rika kai da komowa a cikinta, sakamakon ya fito da wasu igiyoyi kamar kwanon rufi.

Ta ukun ce ta yi. Amma nan ma sai da na yi wauta, na bude murfin injin na sa ta, ban jira iskar naitirojin ta kori danshi ba na danna. Tururin ruwa kuwa a wannan zangon ba ya wasa, allon ya cika da tsinke-tsinke, ga shi an wuni ana ruwa a gari. Malamata ta leko ta ce in je in sha shayi in dawo. Bayan minti talatin na sake, sai ga alamar bamiliyon din ta fito fes a wajen 345 da wajen 283.

Gobe in Allah ya kai mu zan roke ta ta bar ni in gwada kwallin da na zo da shi daga gida, tunda asalin kwalli na dutse darma ce da farar wuta, ina so in gani ko na gaske mai kolin nan ya sayar min.