Tudun Maleme, inda sojojin laimar Jamus ke kwance

Daga Haniya, a yammacin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, na shiga bas zuwa Maleme. Ba wani nisa. Daga bakin titi kuma sai sayyada, ta cikin gonakin zaitun, har kan tudun da sojoji ke kira 107.

A can sama makabartar Jamusawa take, mai gawa 4,465. Duwatsun shimfiɗe suke a ƙasa, kowanne da suna biyu. Na durƙusa ina lissafa shekaru: wannan 19, wancan 21, kuma ranar mutuwa ɗaya ce ke ta maimaituwa, 20 ga Mayu 1941. A ranar ce, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Kurt Student na Jamus ya zubo sojojin laimarsa daga jiragen Ju 52 don kame tsibirin. Kowa ya diro da ƙaramar bindiga da wuƙa, manyan makaman an jefo su dabam cikin akwatuna. Da yawa tun suna lilo a sama aka harbe su, wasu kuma manoman Kirit suka tarye su da fartanya da tsofaffin bindigogi.

Sai da na tsaya a wurin na gane darajar tudun, domin filin jirgin Maleme na shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar faifai. Bataliya ta 22 ta Niyu Zilan ce ke riƙe da shi. Sadarwa ta yanke mata, ta janye cikin dare, washegari jiragen Jamus suka fara sauke ƙarin dakaru. Tsibirin ya faɗi, amma asarar ta sa Hitler bai sake yarda da babbar dira irin wannan ba.

Yau Jamus na da sojojin laima a Seedorf da Zweibrücken, suna cikin waɗanda suka kwaso mutane daga Sudan a Afrilun 2023. Aikin ya sha bamban, wannan gaskiya ne.

Na tausaya wa yaran nan, wallahi. Amma ban yarda in koma Haniya da tausayinsu kaɗai ba, don haka na gangara Kondomari, ƙauyen da ke kusa. A nan, ranar 2 ga Yuni 1941, sojojin laimar suka tara mazan gari cikin zaitun suka bindige su, wai ramuwa. Washegari aka ƙone ƙauyen Kandanos ƙurmus. Sunayen mutanen Kondomari na rubuce a jikin dutsen tunawa, sunan dangi ɗaya na biyo wani, kuma farar hula ne da aka kashe a garinsu.