Hilux bayan canjin inji: aikin saita kuloci

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aiki ya kwana a kan tsohuwar Hilux da aka cire wa injin 2L mai lita 2.4 aka ɗora mata 3L mai lita 2.8. Inji ya tashi lafiya, amma ribas tana yin ƙara in za a saka ta, giya ta ɗaya sai da ƙarfi, kuloci kuma ba ya kamawa sai feda tana dab da ƙasa. Wannan alama ce ta cewa faifan kuloci bai gama rabuwa da fulawil ba, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, an tabbatar da abin da ke ciki. Fulawil da faifai da murfin da ke danne shi duk na 3L ne, saiti guda. Haɗa fulawil na wani inji da murfin wani yana iya canza tazarar da ke tsakanin yatsun murfin da boris ɗin da ke danna su in an taka feda, kuma babu saitin waje da zai gyara wannan, sai an sake sauke giyabos. An kuma duba cewa gefen faifan da ya kamata ya kalli fulawil shi ne ya kalle shi, ƙananan ƙusoshi biyu masu daidaita inji da giyabos kuma suna mazauninsu.

Daga nan sai fitar da iska. An cika kofin kuloci na sama, wato famfon da feda ke turawa, da man birki DOT 3. Mutum ɗaya ya taka feda sau uku ya riƙe, ɗayan ya sassauta notin iska na kuloci na ƙasa, wato famfon da ke jikin giyabos, ya ɗaure kafin a saki feda. Haka aka yi ta maimaitawa har kumfa ta ƙare. Kofin kada ya bushe a tsakani, in ya bushe aiki ya koma farko.

Saitin feda shi ne ya fi cin lokaci, kuma nan ne masu koyo suka fi ɓata aiki. Ana fara daidaita tsayin feda da ƙusar da ke tare ta daga sama, sannan a sassauta notin sandar da ke shiga kuloci na sama a riƙa juya sandar rabi-rabi ana aunawa da rula. Wasa shi ne ɗan motsin da feda ke yi kafin ta fara tura wani abu. Awon Toyota: wasan sandar milimita 1 zuwa 5 a kan feda, wasan fedar gaba ɗaya milimita 5 zuwa 15. In aka tsawaita sandar har wasan ya ƙare, fistan zai toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi. Da safe motar za ta yi daɗin tuƙi, amma da mai ya ɗauki zafi sai ya kumbura ya danne boris, kuloci ya fara zamewa a kan hawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: tura cokalin kuloci, wato ƙarfen da ke tura boris, da hannu zuwa wajen kuloci na ƙasa. In fistan ya koma ciki a hankali, ramin a buɗe yake.

Dabarar nan ta yi wa sandar kuloci na ƙasa walda don ta ƙara tsawo, ku guje ta. Tana ɓoye matsalar na ɗan lokaci, boris kuma ya ƙone.

Yanzu wasan feda ya tsaya a milimita 10. Inji na silo, a taka feda a jira daƙiƙa uku, ribas tana shiga shiru. Kuloci yana kamawa sama da milimita 25 daga ƙasa, yadda ake so. An ja birkin hannu, an saka giya ta huɗu an saki feda sannu a hankali, inji ya mutu nan take, wato babu zamewa.

Saura tiyon roba na kuloci na ƙasa da ya fara tsattsagewa a gindi. Za a canza shi, a sake fitar da iska, sannan a sake awon feda bayan motar ta yi tafiya da kaya ta ɗauki zafi.