Bloodborne a ɗakin wasa: gardamar ƴan wasa da aikin mai shago

Ɗakin wasa a Yamai da ƙwallo yake ci. Mutum biyu su zauna, a miƙa musu manet biyu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa, su buga minti goma zuwa sha biyu a kan dala 20, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. A shagonmu da ke Bukoki PlayStation 4 shida ne: biyar na ƙwallo da faɗa, ta shida kuma tana lungu nesa da ƙofa, an ware ta ga wasannin da mutum ke yi shi kaɗai. A wannan lungun babu wasan da ya kai Bloodborne tayar da musu, kuma babu wanda ya kai shi neman gyara daga wajen mai shago. Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa, in ka bi diddigi, za ka tarar rabinsa daga wasan ne, rabinsa daga yadda aka tsara shagon.

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi shi, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, Sony ya fito da shi a watan Maris na 2015 don PlayStation 4. Kai mafarauci ne a wani birni da ake kira Yharnam, inda mutane suka mai da jini magani har wata cuta ta riƙa juya su dabbobi. Birnin duk dogayen gine-gine ne masu tsini, manyan coci-coci, makabartu, karusai a kife bisa hanya, akwatunan gawa ɗaure da sarƙa a bakin gidaje. Dare guda ne daga farko har ƙarshe, sai dai yana ƙara nisa kana ƙara shiga.

Ƙorafin farko kullum ɗaya ne: "Mai gida, wannan ba wasa ba ne, horo ne." Mai faɗin haka da wuya ya wuce awa ɗaya a kai. Yana fitowa daga asibitin da wasan ke farawa, ya hau tsani, ya kunna fitilar farko, ya sauka babban titi, sai ya ci karo da taron ƴan gari riƙe da tocila da cokulan ciyawa sun kewaye wata dabba da suke ƙonawa, ga masu bindiga daga sama, ga karnuka gaba. Ya mutu sau biyar, kowane lokaci ya koma fitila, abokan gaba duka sun dawo, kuɗin wasan da ya tara (yaran suna ce masa eko) ya zube a inda ya faɗi. In ya sake mutuwa kafin ya ɗauko, ya tafi ke nan. Wani lokaci ma ba a ƙasa yake ba, wani maƙiyi ne da ke kusa ya haɗiye shi, ana gane shi da ƙyallin idanu, sai an kashe shi.

Abin da sabon shiga bai sani ba, kuma wasan ba ya gaya masa, shi ne ba zai iya ƙara ƙarfi ba sai ƴar tsanar da ke zaune a Mafarkin Mafarauci, wurin hutun da ake komawa ta fitila, ta farka, ita kuma ba ta farkawa sai ya samu maki ɗaya na abin da bugun Faransanci ke kira lusidite, wato basira. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ruga da gudu har ƙarshen babbar gada, ya shiga wurin dodon farko, Cleric Beast. Ganinsa kaɗai ya isa, ko da dodon ya kashe shi nan take. Daga nan sai ya zuba eko a lafiyar jiki da numfashi tukuna, ƙarfin duka ya biyo baya. Makami ma haka: dutsen jini 3 ne mataki na farko, 5 na biyu, 8 na uku, jimilla 16, kuma gyaran makami ya fi ƙarin mataki uku ko huɗu amfani. Wannan bayanin minti biyar ne. Duk yaron shago da ke kula da lungun dole ya iya shi, domin shi ne ke raba kiliyan da zai jefar da manet da wanda zai dawo gobe.

Sai maganar garkuwa. Wanda ya saba da wasannin da ake ɓuya bayan garkuwa zai sha mamaki, nan hannun hagu bindiga ce, kuma ba don kisa ba. Ana harba ta daidai lokacin da maƙiyi ya ɗaga hannu zai kawo duka, ya durƙusa, ka matso ka danna maɓallin R1 ka zare masa rabin rai. In an sare ka kuma, jinin da ka rasa ba ya tafiya nan take. Kana da ƴan daƙiƙu da in ka rama za ka dawo da wani sashe. Wato wasan so yake ka matsa gaba lokacin da zuciyarka ke cewa ja baya. Masu son sa a nan suke kafa hujja. Wani ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da ke ƙetaro kogi don shi yakan ce wa ƙananan: "Ƙanena, tsoro ne ke kashe ka, ba shi ba. Shiga jikinsa." Kuma gaskiyarsa ne, musamman a kan Father Gascoigne, mafaraucin da ke makabarta, wanda a wurinsa ne mafi yawan kiliyanmu ke yanke shawarar ci gaba ko bari. Wanda ya tsaya nesa bindigarsa za ta same shi, wanda ya ja baya duwatsun kabari za su tare shi. Akwai ƙaramin akwatin kiɗa da wata yarinya ke bayarwa ta taga, in an kaɗa shi Gascoigne yakan dafe kai na ɗan lokaci, amma ba a yawaita, don yana gaggauta rikiɗewarsa dabba.

Ƙorafin da na ga yana da tushe shi ne na kwalaben jini, fiyol a bakin yara. Guda 20 ake riƙewa, kuma ba sa cika da kansu bayan mutuwa sai in kana da ajiya. Mutum ya gwada dodo sau shida, ajiyarsa ta ƙare, dole ya koma nema. A gida wannan ɓacin rai ne kawai. A shago kuwa kuɗi ne, domin minti ashirin da ya biya za su tafi a kashe wasu ƙatti biyu masu riƙe da bulo kusa da lif, waɗanda sukan zubar da fiyol. Shawararmu ita ce duk sa'ad da aka ƙara mataki, canjin eko da ya rage a sayi fiyol da shi wurin ƴan aike, ƙananan halittun da ke sayar da kaya a Mafarkin Mafarauci, kafin a fita.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne rashin taswira. Babu ita sam, babu kibiya mai nuna hanya. Wasu na cewa rowa ce. Amma a tsaya bayan mai wasa a ga lokacin da ya buɗe ƙofar ƙarfen nan da ke gefen fitilar farko. Tun shigowarsa ya gan ta a kulle, an ce masa ba ta buɗuwa ta wannan gefe. Ya yi minti arba'in yana zagaye, ya ratsa titin wuta, ya wuce karnuka, ya hau gada, ya faɗa wani gida mai duhu, ya fito ya hau matakala da fiyol ɗaya a hannu, ya ja ƙofa, sai ga fitilarsa a gabansa. Yaran da ke tsaye baya har tafi suke yi. Haka aka gina birnin gaba ɗaya, hanya na naɗewa tana komowa kanta, ta ƙofa ko tsani ko lif. Wanda ya tashi a Bukoki ko Zongo, inda ba a kwatance da sunan titi sai da mai shayi da masallaci da famfo, ba ya daɗewa bai gane ba. Za ka ji suna yi wa juna kwatance irin na unguwa: ka wuce rijiya, ka bar mai keken guragu a hannun dama, kada ka bi ta magudanar ɓeraye. Muna ajiye kaye, wato littafin rubutu, a lungun, kowa na zana abin da ya gano, kuma shafin dajin macizai ya fi kowane shan gyara don nan ne ake ɓata da gaske.

Game da labarin, ƙalilan ne ke damuwa. Ba a zaunar da kai a ba ka shi, yana warwatse cikin bayanin kayayyaki da maganar mutanen da ke bayan tagogi. Bugun Turai yana da Faransanci, to wanda ya yi lakwal yana karantawa ya fassara wa saura. Wanda bai damu ba ya wuce, kuma wasan bai rage masa komai ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa taɓa shi ko kyauta, saboda yawan jini da siffofin coci da maganar wasu halittu da ake bauta wa. Ba ma musu da kowa a kan wannan. Abin da ke kanmu shi ne shekaru: tambarin Turai da ke jikin kwalin 16 ne, don haka ƙananan yara ba sa zama a lungun, kuma telen tana fuskantar bango yadda mai wucewa a titi ba ya hango ta.

Juya telen yana da wani amfanin. Masu cewa "ba a ganin komai" yawanci hasken ƙofa ne ke dukan gilashin. Wasan duhu ne da gangan, rana ta Yamai kuwa ba ta da sauƙi. A sa labule mai kauri, a ɗaga hasken cikin wasan sama kaɗan da yadda ya zo, a kuma sa telen a yanayin wasa, domin sauran yanayin suna jinkirta hoto, kuma a wasan da harbi ke bukatar daidai lokaci ƙaramin jinkiri ma asara ne. Hoto 30 yake bayarwa a daƙiƙa, wanda ya taso daga ƙwallo zai ji shi da nauyi na minti goma na farko, wannan ba gyaran mai shago ba ne. Abin da yake gyaransa shi ne sabuntawa. Faifan farko in an sa shi haka nan, jiran da ake yi bayan kowace mutuwa yakan kai daƙiƙa 40. Gyaran da aka saki a Afrilun 2015 ya rage shi sosai, na baya kuma ya ɗaga ajiyar fiyol daga 99 zuwa 600. A kai konsol inda akwai intanet sau ɗaya, a ɗora sabuntawa ta 1.09, shi ke nan.

Kuɗinsa ba a yanka shi kamar ƙwallo. Awa muke sayarwa, dala 100, awa uku jika guda da dala 50, kuma ba a tsayar da mutum tsakiyar faɗa da dodo. In lokaci ya cika ana barinsa ya ci ko a ci shi. A lissafin awa ƙwallo ta fi shi kawo kuɗi, ba musu. Amma ƙwallo da yamma take cika, shi kuwa masu shi da hantsi suke zuwa lokacin da shago ba kowa, kuma wasa ne na awa talatin zuwa sama ga mai sabon hannu.

Wannan ne ya sa ajiyar inda mutum ya tsaya a wasan ta zama amana. Wasan yana ajiye kansa a kai a kai, ba ya tambaya. In mutum biyu suka yi amfani da suna ɗaya a konsol, wata rana wani zai shiga mafaraucin wani ya kashe masa eko ko ya sari wani mutumin gari, kuma ba a mayarwa. PlayStation 4 tana ɗaukar masu amfani har 16, to kowane kiliyan na dindindin a buɗe masa nasa da lambar sirri. Kowane dare kafin rufewa a kwafe ajiyar zuwa kile USB da aka tsara a FAT32 ko exFAT, ta wurin sarrafa bayanan ajiya a cikin saiti. Dalili kuwa kuran ne, wato wutar lantarki. In ya ɗauke daidai lokacin da ake rubuta ajiya, tana iya lalacewa, aikin wata guda ya tafi. Ondilar, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai VA 650 ta isa konsol ɗaya da tele mai inci 32 na ƴan mintuna, kuma su kaɗai ake so: a fita daga wasa, a kashe da kyau, sannan a tayar da grup, wato janareta. In an riga an yi ɓarna konsol ta fara nauyi, a riƙe maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa 7, a haɗa manet da konsol ta wayar USB, a zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Wannan ba ya goge ajiya. Zaɓin mayar da konsol sabuwa da ke ƙasa da shi kuwa yana share komai, kada a bar yaro ya yi shi kaɗai.

Wasan ba ya da dakatarwa, ko ka buɗe jakar kaya maƙiyi na iya zuwa. In an kira salla, ba a ajiye manet a tashi. Ko a koma Mafarkin Mafarauci ta fitila, ko a fita ta cikin saitin wasan, zai dawo da mutum inda ya tsaya. A tsakiyar faɗan dodo ne kawai zai mayar da shi bakin ƙofar wurin, dodon kuma ya dawo da cikakken ƙarfinsa.

Zafi da ƙura su ne sauran. An ƙera konsol ɗin don aiki tsakanin digiri 5 da 35, Afrilu da Mayu a Yamai kuwa ana wuce 40, ga wannan wasan yana sa fankar ciki ihu fiye da ƙwallo. A ɗora ta bisa katako a fili, tazarar tafin hannu daga bango, fanka na busa ta, ba cikin akwatin gilashi ba. Bayan hunturu a buɗe ta da sukuddireba mai bakin tauraro, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a hure ƙurar da ta toshe ƙarfen sanyaya. In duk da haka tana ihu, man da ke kan kwakwalwarta ya bushe, a goge a sa sabo kamar ƙwayar wake. Manet ɗin lungun kuma daban muke ajiye su, guda biyu, ɗaya na caji ɗaya na hannu. R1 da maɓallin da'ira ne ke fara mutuwa, robar da ke ƙarƙashinsu ce ke yagewa, ana samun ta a jikin matattun manet a kasuwar Katako. In sandar dama ta fara jan hoto da kanta, a fitar da wannan manet ɗin daga lungun a mai da ta ƙwallo, can za ta ƙara wata biyu ba wanda ya lura.