Kai muryar yaro har sahun baya a Wusasa

Sana'ata hayar kayan sauti ce: lasifika, makirufo, fitilu da dandamali. A Zariya nake, ni da yarana. Biki, suna, walimar saukar karatu, taron siyasa, duk muna zuwa. Amma aikin da ke tona asirin wanda bai iya ba shi ne wasan kwaikwayo a fili, musamman irin wanda yara da matasa ke yi a harabar coci lokacin Kirsimeti, iyaye da kakanni suna zaune suna kallo. A biki, in kiɗa ya tashi magana ta ƙare. A wasa kuwa, kalma ɗaya ta ɓace, labari ya yanke.

Wanda na fi ji da shi cikin irin waɗannan ayyuka shi ne na harabar tsohon cocin St Bartholomew da ke Wusasa. Wurin yana da tarihi. Likita Walter Miller, Bature ɗan mishan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, sannan a 1929 mishan ta koma Wusasa, aka gina wannan coci da ƙasa, ginin magina Hausawa. Miller ɗin nan yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma a garin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ni Musulmi ne, amma duk ɗan Zazzau da ya san darajar ginin ƙasa ba zai tsaya gaban wannan bango ya yi garaje ba. Dokar farko da nake kafa wa yarana tun kafin a sauke kaya daga mota: ba ƙusa, ba jingina ƙarfe, ba ɗaura waya a jikin gini. Komai namu da ƙafarsa yake tsayawa. Manyan lasifikan nan masu gurnani, da ke sa ƙirji rawa, a shago nake barin su. Tsohon gini ba ya buƙatar girgiza, muryar yaro ma haka.

A ɗaki, bango da rufi suna maido maka da sauti. A fili babu mai maido maka da komai. Abin da ya fita ya tafi. Shi ya sa wanda bai sani ba yake murɗa ƙara har ƙarshe, na gaba su toshe kunne, na baya kuma su ce ba sa ji. Ni ƙananan lasifika nake rarrabawa, biyu a gaba, wasu a tsakiyar jama'a, kowacce a kan sanda sama da kan mutum. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, saƙon da ke bin waya kuwa nan take yake isa. In ba a ɗan jinkirta lasifikan tsakiya ba, na baya zai ji kalma sau biyu, tana bin kanta. Wannan ɗan jinkiri da taku nake fara auna shi, in ƙarasa da kunne. Janareto kuma can nesa nake kai shi, bayan katanga, in ja waya mai kauri, in bi ta da tabarma duk inda ƙafa za ta ratsa, don wurin da yara suke, sai an yi gudu.

Ga hunturu. Disamba a Zariya iska ce da ƙura da sanyi. Iska tana hura makirufo sai ka ji kamar hadari ya taso, don haka kowanne da soson sa a ka. Ƙura tana shiga na'urar haɗa sauti, maɓalli ya fara ƙarar-ƙarar. Da buroshi nake yawo a aljihu.

Kunnen nan ba a kasuwa na saye shi ba. Wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari na tashi, tun ina ɗan firamare. Na daɗe ban taɓa dalma ba, shara da aike kawai. Ranar da ya yarda in zauna kusa da shi, sai ya kunna rediyo biyu, ya ce in juya baya in faɗa masa wacce ce takardar lasifikarta ta tsage. Na ce, "Maigida, ai duk magana suke yi." Ya ce, "To koma shara." Haka muka yi ta yi har na fara jin abin da yake ji. Allah ya jiƙansa. Daga baya, da na fara bin masu kaya, nakan leƙa gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wannan na ginin ƙasa mai buɗaɗɗen tsakiya, in ga yadda ɗalibai ke jefa murya ba tare da makirufo ba. A can na gane cewa aikina shi ne in ɗora kaɗan a kan muryar ɗan wasa, ba in maye gurbinta ba.

A wasan Kirsimetin Wusasa da nake magana, yarinyar da ta fito a mala'ika ba ta wuce shekara bakwai ba, muryarta siririya ƙwarai. Na ɓoye mata ɗan makirufo a wuyan farar rigarta, na naɗe batirin a ƙyalle na ɗaura mata a ƙugu don kada sanyin ƙarfe ya taɓa ta. Da ta ɗaga hannu ta ce wa makiyaya kada su ji tsoro, ina kallon sahun baya, inda tsofaffi suke lulluɓe da mayafi. Wata tsohuwa ta gyaɗa kai, leɓenta yana bin kalmomin. Da Sarki Hirudus ya fito yana zare ido, na rage masa, don saurayin da kansa ya ishi filin. Da matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka tashi da waƙa da tulu da gora, makirufo biyu kawai na bar musu daga nesa. Bayan an tashi tsohuwar ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗana, jikata ce, kuma duk na ji ta." Na ce, "Mama, ita ta yi ƙoƙari."

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu shigowa sana'ar nan da rana tsaka. Mutum ya sayi akwati biyu an rubuta wat dubu biyar a jiki, ka buɗe ciki ka ga maganaɗisun bai kai tafin hannu ba, gobe ya buga kati ya ce shi ma mai sauti ne. Su ne ke karya farashi, su ne ke dasa lasifika a bayan makirufo ta yi ta ihu, jarirai na kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa matsakaicin ƙara a wuraren taro kada ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti, su ko labarin ba su ji ba. Sai mai taro ya zo ya ce mini, "Malam, wane ya ce zai yi a rabin kuɗinka." Nakan ce ya tambaye shi ko zai zo gwajin wasa. Ni ina zuwa, in zauna da takardar wasan, in yi alama wa zai shigo daga ina, wa ke magana ƙasa-ƙasa, wa ke mantuwa ya juya wa jama'a baya. Wannan zaman ba ya cikin lissafin kowa, kuma shi ne rabin aikin.

Masu shirin wasa a fili, na coci ne ko na makaranta ko na Islamiyya, ku neme ni tun ana gwaji, kada ku bari sai ana gobe. Ku zo da takardar wasan, ku faɗa mini yara nawa ne za su yi magana, ni kuma in je in taka filin da ƙafata kafin mu yi maganar kuɗi.