Abin da tarwatsewar Ariane 5 ta koya mini game da tsohuwar manhaja

Da wuya ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya kammala karatu bai ji labarin rokar Turai mai suna Ariane 5 ba, sai dai yawanci a taƙaice ake ba da shi, a ce wata lamba ce ta fi ƙarfin ma'ajiyarta, roka ta tarwatse. Sai da aikina ya zama duba manhajar da abokan aiki suka rubuta kafin a fitar da ita, na zauna na karanta rahoton kwamitin binciken da masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya jagoranta, sannan na ga irin abin da wannan taƙaitawa take ɓoyewa.

Ranar 4 ga Yunin 1996 aka harba rokar karo na farko daga Kourou da ke Guyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na shirin binciken sararin samaniya mai suna Cluster. Cikin kimanin sakan 40 ta kauce daga hanyarta, ta fara ɓallewa, sai tsarin da ke lalata ta idan an samu matsala ya tarwatsa ta. Asalin abin yana cikin na'urar da ke auna matsayin rokar da saurinta, wadda aka ɗauko manhajarta daga Ariane 4, rokar da ta gabace ta. A wani wuri manhajar takan mayar da lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin gurbin da lamba ke ci a ma'ajiyar kwamfuta) zuwa mai bit 16, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce 32,767, kamar dai a ce za a juye buhu cikin mudu. Da lambar ta haura wannan iyaka, na'urar ta tsaya, ta aika da bayanin kuskure, babbar kwamfutar rokar kuma ta ɗauke shi a matsayin bayanin tafiya, ta karkatar da bakin injinan iya karkatarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, injiniyoyin farko ba sakaci suka yi ba. Sun gano wurare bakwai da irin wannan ambaliya za ta iya faruwa, suka sa kariya a huɗu, suka bar uku domin kada nauyin aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin 100, bayan sun lissafa cewa a tafiyar Ariane 4 lambobin ba za su kai iyakar ba. Lissafinsu daidai ne ga rokar da suka sani. Amma saurin Ariane 5 ta gefe yana ƙaruwa ninki biyar a kan na wadda ta gabace ta, kuma ba a gwada na'urar da bayanan tafiyar sabuwar rokar ba. Tun daga nan, idan wani ya ce mini wani yanki na manhaja ya shekara da shekaru yana aiki lafiya, nakan tambaye shi a wane yanayi ya yi aikin, kuma ina aka rubuta hujjar barinsa ba kariya. Sau da yawa hujjar tana cikin kan mutumin da ya daɗe da barin aikin.

Wani abin takaici kuma, lissafin da ya jawo asarar ba shi da amfani bayan rokar ta bar ƙasa. Aikinsa daidaita na'urar kafin tashi, an bar shi yana ci gaba na ɗan lokaci ne saboda wata buƙata ta Ariane 4 da ba ta shafi Ariane 5 ba. Shi ya sa nake dagewa a cire abin da ba a buƙata, ko da abokan aiki suna ganin taɓa abin da ke aiki neman rigima ne.

Akwai na'ura ta biyu da aka tanada domin ta karɓi aiki idan ta farko ta gaza, amma da yake manhaja ɗaya suke ɗauke da ita, ta biyun ce ma ta riga tsayawa da ƙiftawar ido. An tsara tanadin ne bisa zaton cewa kayan na'ura ne ke lalacewa, ba a yi tunanin kuskure zai fito daga manhajar kanta ba. Saboda haka idan aka nuna mini kwamfuta biyu aka ce ɗaya madadin ɗaya ce, nakan nemi a tura musu lambar da ta wuce iyaka a gabana, mu ga ko akwai wadda za ta ci gaba da aiki, kafin in sa hannu a takardar amincewa.